Shekara biyu ba albashi: ta yaya zan daina jin tsoro?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Agege ne, shekarata 33, ina da mata da yara biyu. Tun da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022 nake ta 'yan buga-buga. Yanzu wani oga a Computer Village da ke Ikeja ya yarda ya koya mini gyaran waya, amma sai na yi shekara biyu a hannunsa. Duk lokacin da na tuna, sai gabana ya faɗi. Na ji kana horar da masu doguwar tafiya a keke. Ku yaya kuke yi da tsoro?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya buɗa. Abin da ke kayar maka da gaba shi ne kana ɗaukar shekara biyun ka aza a ka gaba ɗaya, alhali babu wanda ke rayuwar shekara biyu a rana guda.

Akwai wata tafiyar keke a Faransa da ake yi duk shekara huɗu, daga Paris zuwa Brest a dawo. Kilomita 1,200 ce, wato ta fi nisan Legas zuwa Kano, kuma awa 90 ake bai wa mutum. An fara ta tun 1891. Masu yin ta ba sa tuƙi da 1,200 a rai. Kowa na riƙe da kati, an kuma jera wuraren da ake buga masa hatimi a hanya, don haka tunaninsa bai wuce hatimi na gaba ba. Kai ma ka yanka naka. Hatiminka na farko shi ne ranar da za ka canza gilashin waya ba tare da oga ya tsaya a kanka ba, kuma wannan makonni ne, ba shekaru ba.

Sai abin da na koya da jikina. Karon farko da na nufi Abeokuta daga Agege, na wuce Sango Ota lafiya lau, ina ta yi wa kaina kirari. Da na isa wajen Ifo sai ƙafafuna suka mutu murus. Na jingine keken a jikin wani shago, hannuna na rawa, zuciyata na ce mini ai daman wannan ba aikina ba ne, in nemi mota in koma gida. Na sha ruwan leda biyu, na ci burodin Agege da dabino, na zauna kamar minti 20. Wallahi sai ga ni na miƙe kamar ba ni ba. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai nauyi, kuma idan ya ƙare har tunani yakan yi baƙi. Ashe yunwa ce take mini wa'azi! Shi ya sa nake hana yaran da nake horarwa yanke shawarar barin tafiya a tsakiyar hawan tudu, ko a lokacin da ciki babu komai. Ranar da oga ya yi maka tsawa gaban kwastoma, kada ka yanke hukunci a daren; ka ci abinci, ka yi barci, ka bari gari ya waye.

Amma fa kada in yaudare ka, ba kowane tsoro ake kora ba. Tsoron tirela da danfo a titin Legas shi ke raya mai keke, shi ke sa ya duba birki ya ɗauki faci da famfo kafin ya fita. Tsoronka na kuɗin haya da cefane irin wannan ne, kuma lissafi ne maganinsa. Ka zauna da uwargida ku rubuta abin da gida ke ci a wata, da wane aikin yamma ko na Lahadi zai toshe shi. Ka tambayi oga ko akwai kuɗin mota da na abinci, kuma a rubuta yarjejeniyar gaban shaidu, kada kunya ta hana ka.

Mu masu keke muna bin bayan juna kusa-kusa, domin na gaba yana tsaga iska, na baya ya rage kusan kashi 30 cikin ɗari na wahala. A Computer Village ba za ka rasa Bahaushen da ya gama koyon ba. Ka neme shi cikin makon nan, ka saya masa shayi, ka tambaye shi wane wata ne ya fi ba shi wuya, da abin da ya ciyar da gidansa a lokacin.