Amsa ga mai son maida gurup ɗin aiki daga WhatsApp zuwa Telegram

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi da na ga tambayarka, cewa kuna son tashi daga WhatsApp ku koma Telegram amma kana tsoron tsofaffin saƙonninku su salwanta, sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same mu ke nan bara a kakar aya. Ƙaura da saƙonnin tana yiwuwa, don tun farkon 2021 Telegram ke karɓar hirar da aka fitar daga WhatsApp. Amma don Allah kada ka bar kowa ya taɓa tsohon gurup ɗin tukuna.

Namu gurup ɗin na yaran da ke saya mana kaya ne a Cadawa, Agye, Gazawa har Tasawa, a jihar Maradi. Ka dai san aikin, ba mai zama ya yi rubutu. Yaro yana tsaye wurin awo zai danna ya ce an auna buhu kaza, an ba wane kuɗin gaba, mota ta tashi. Duk lissafinmu saƙon murya ne da hoton rasit.

Sai aka ba wani yaro aikin ƙaurar, ɗan ƙanen abokin cinikinmu, wai shi ne ya yi boko. Idan ka zo fitar da hira, WhatsApp na tambayarka ko da hotuna da muryoyi kake so ko babu su. Shi ya zaɓi babu, don ya fi sauri kuma ba ya cin mega. Da safe ya shelanta an gama ƙaura, ya cire mutane daga tsohon gurup, ya ce kowa ya share don waya ta samu wuri. Waye cikinmu wayarsa ba a cike take ba? Aka share.

Ba mu farga ba sai da rigima ta tashi da wani dillali a Cadawa kan kuɗin gaba na buhu 40. Ni da kunnena na ji muryarsa yana cewa ya karɓa. Ya zo shago ya zauna kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce a kunna masa. Na buɗe Telegram ina ta ja da yatsa, gumi na zuba. Ga ranar, ga lokacin, ga sunansa, amma inda muryar take sai layi ɗaya da Faransanci, "Médias omis", wato ba a haɗo da ita ba. Na sauka ƙasa, haka. Na hau sama, haka. Mutumin nan ya yi murmushi ya ce, "To Alhaji, ina shaida?" Har yau in na tuna murmushin nan abinci ba ya mini daɗi. Shi kuwa yaron da aka kira, ko a jikinsa, cewa ya yi ai ba wanda ya ce masa ana son muryoyin. Kawun nasa ma ya goya masa baya, wai yaro ne. Yaro ne amma ya iya korar dattawa daga gurup! Ba asarar kuɗin ta fi ci mini rai ba, yadda aka maida ni maƙaryaci a gaban maƙwabtan shago ne. Na bar su da Allah.

To ka zaɓi a haɗa da hotuna da muryoyi. Sai dai akwai iyaka: da su, saƙo 10,000 na baya-bayan nan kawai ake fitarwa, babu su kuma 40,000. Gurup mai surutu irin namu, da barka da Juma'a da sanarwar suna da ta'aziyya, 10,000 ba ta kai ko'ina. Ka fitar sau biyu, ɗaya da kaya ka tura Telegram, ɗaya rubutu zalla ka adana a imel ko kwamfuta. Muryoyin da suka shafi bashi kuwa ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tura da hannu.

Kuma a wayar wanda ya fi daɗewa a gurup za a yi, wanda bai canja waya ya rasa hira ba, don abin da ke cikin wayar kaɗai ke fita. Hoton da bai taɓa saukewa ba ba zai biyo ba. Ajiyar nan da WhatsApp ke yi a Google Drive ma kada ka dogara da ita, Telegram ba ya karanta ta.

Af, ka duba yadda ka ajiye sunayen mutane kafin ka tura. Sunan da ke wayarka shi zai fito kowa ya gani. Yaron nan ya ajiye wani dattijo da "Baba mai mita", haka ya bayyana kan kowane saƙonsa. Wannan ma sai da aka je har gida ban haƙuri.

Gaskiya Telegram na da daɗinsa. Hira na zaune a wurinsu, in an sace waya ka shiga da lambarka komai ya dawo, kuma admin na iya buɗe wa sabon shiga ya ga tsohuwar hira. Amma gurup ɗinsa ba shi da irin kullen WhatsApp da ba mai iya karantawa sai ku, in kuna tura hoton katin shaida ku yi tunani. Ni abin da ya fi ba ni wahala ma mutane ne. Yaranmu na ƙauye da yawa ba su sauke shi ba, wani waya ba wuri, wani rezo ba ya kai masa, har yau rabin rahoto ta WhatsApp yake zuwa mini ni kaɗai, ni nake kwasa in kai can.

Ka sami wifi mai ƙarfi da caji cike, ka fara gwadawa a sabon gurup da kai kaɗai ke ciki, ka kunna tsofaffin muryoyi ka ji da kunnenka suna magana. Tsohon gurup kuma a rufe shi yadda admin kaɗai ke rubutu, a bar shi nan. Ka faɗa mana wayar Android ce ko iPhone, don wurin dannawar ba ɗaya ba ne.