Abin da ke bambanta ƙaron wata amya da na wata

Ka tambaye ni me ya sa ƙaron ƙudan zuma, wato firofolis, da ka kankaro a amyar gindin mangwaro ya fito baƙi-baƙi mai danƙo da ƙamshi, na amyar bakin titi kuwa fari-fari yana marmashewa, alhali ƙudan iri ɗaya ne.

To ɗana, kaki ne ƙuda ke fitarwa daga jikinsa, ƙaro kuwa ɗebo shi yake yi. Yana bin tohon itace da inda ɓawo ya ji rauni, ya ɗauko a ƙafafunsa na baya, ya cuɗa da kaki ya liƙe ƙofofin iska. Mai kyau kusan rabinsa ƙaron itace ne, kamar kashi 30 cikin 100 kaki, sauran kuma mai ne mai ƙamshi da garin fure. Saboda haka itacen da ke kewaye da amya shi ne magana. A Turai yawanci daga wani itace da ake kira fofula yake. A Burazil akwai kore da ake samu a jihar Minas Gerais daga wani ɗan tsiro guda, akwai ja na gaɓar teku a Alagowas, kuma sinadaransu sun bambanta sosai. Naka mai ƙamshin nan, ina kyautata zaton mangwaron ne.

Na bakin titin shi ne abin dubawa. Farin nan kaki ne ya yi yawa. Kuma in ƙuda ya rasa itace, har kwalta da ɗanyen fenti yakan ɗebo, ga hayaƙin mota. Wannan ba na kai wa baki ba ne, kada ka sayar da shi ko an yi maka tayi mai tsoka. Ka ɗauke amyar daga wurin.

Saura aikin hannunka. Kankara da wuƙa tana haɗowa da ɓarɓashin katako da gawar ƙuda. Gara ka shimfiɗa ragar roba a saman sandunan amya. In ƙudan sun cike ramukan da ƙaro sai ka sa ta a firiza, da ta daskare ka lanƙwasa, ƙaron zai zubo tsaf. Ka rage hayaƙin da kake yi wa ƙudan, musamman na kashin shanu, don warinsa ba ya fita. Kada ka haɗa na damina da na hunturu, kowanne da kwalbarsa, ka rubuta wuri da wata a jiki, ka rufe ka ajiye a inuwa nesa da murhu.