Filin Tambayi Magini: Jalus zan gina wa Inna ko bulon siminti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Mai Wurno ne ta jihar Sinnar a Sudan, ina aikin tuƙi a Jidda. Na tara 'yan riyal ina so in gina wa Innata ɗaki biyu da rumfa a filinmu na gado. Ni bulo da rufin kwano nake so, ita kuwa ta kafe a kan jalus, ginin laka da ake ɗorawa sahu-sahu, wai ɗakin kwano tanderu ne. Tsorona biyu: kada damina ta cinye ginin, kada kuma a ce ɗanta yana Saudiyya ya bar ta a ɗakin laka. Na kuma ji ana maganar gini mara cutar da muhalli. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Inna ta fi ka gaskiya, amma tsoronka na ruwa ba na banza ba ne.

Kai kana kwana a ɗaki mai na'urar sanyi, ka manta yadda watan Afrilu da Mayu suke a ƙasar Sinnar, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Bulon siminti siriri ne, kafin la'asar zafi ya ratsa shi, kwano kuma yana ta gasa mutum daga sama. Bangon jalus mai kaurin santimita 40 zuwa 50 shanye zafin yake yi a hankali, ba ya kaiwa ciki sai dare ya yi, lokacin Inna tana tsakar gida a kan angarib ɗinta, gadon nan na saƙar igiya. Idan wuta ta ɗauke, kuma ka san tana ɗaukewa, bangon nan shi ne fankarta.

Yanzu maganar ruwa. Bayan ambaliyar 2020, wadda ta rushe ko ta lalata gidaje sama da 100,000 a faɗin Sudan, na bar Gadarif na je taya 'yan uwa gyara a wajejen Sinja. Gida bayan gida abu ɗaya na gani. Bangon bai narke daga tsakiya ba. Ruwa ne ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku, ƙasar ta jiƙe, ta kasa ɗaukar nauyin da ke samanta, sai ginin ya zauna. Wanda bai mutu ta gindi ba ta ka ya mutu: indararo ya toshe da tarkacen tantabaru, ruwa ya taru a rufi ya bi bango. Saboda haka kuɗin simintinka a ƙasa za ka zuba shi. A haƙa tushe sosai, a ɗora shi da dutse ko jan bulo da siminti, a ɗago shi aƙalla rabin mita sama da tsakar gida, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa don kada danshi ya hau, sannan a fara jalus. Daga nan zuwa sama ƙasa ta wadatar.

Sai dai ba kowace ƙasa ba ce ta gini. Mu nan Gadarif baƙar laka ce, kuma haka yawancin yankin Jazira yake. Da damina ta kumbura, da rani ta tsage har ƙafar jaki ta faɗa. Wannan ƙasa ba ta jin kunyar siminti: na sha ganin ginin bulo sabo fil ya tsage daga taga zuwa rufi a shekara ta biyu. Shi ya sa mutanen nan suka daɗe da gutiyya, bukkar ciyawa da kara, don ba ta da nauyi, ƙasa ta motsa ta motsa da ita. Idan filinku baƙar laka ne, a kwashe ta daga ramin tushe, a cike da yashi da tsakuwa a daddage. Kuma kafin a kwaɓa komai, ka sa ƙaninka ya zuba ƙasar a kwalba har rabi, ya cika da ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza ya ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Idan lakar ta wuce sulusi, a ƙara yashin kogi da yankakkiyar ciyawa, in ba haka ba bangon zai yi ta tsagewa yana bushewa. Ku da kogi ke bakin ƙofarku yashi ba zai gagare ku ba.

Bari in ba ka labarin kuskurena, don kada wani usta, wato babban magini, ya yi maka irinsa. Ina saurayi na yi wa wani ɗan kasuwa shafen siminti a kan bangon jalus, don yana so gidan ya yi kama da na birni. Mahaifina ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ji ƙarar fanko, bai ce uffan ba ya juya. Damina biyu aka yi. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga, siminti ya hana shi fita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, rana ɗaya shafen ya ɓalle fale-fale kamar ɓawon rogo. Da kuɗina na gyara. Bangon ƙasa numfashi yake yi. Abin da ya dace da shi zibala ce, yaɓen kashin shanu da laka da ciyawa da aka bari ya ruɓa kwanaki, a sabunta kafin kowace damina, a bi da farin jir, wato farar ƙasa. Jir yana korar zafin rana, kuma ba ya kulle danshi. Kakanninmu a ƙasar Hausa da makuba suke wannan aiki, daga ɓawon ɗorawa, kuma masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina da ƙasa tun shekarun 1830 har yau cikinsa yana nan.

Batun muhalli ba wani abu ba ne mai nisa. Siminti sai an gasa dutse a wuta mai zafin digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ga kuɗin motar ɗauko shi daga masana'antun Atbara ko Rabak. Jan bulo kuwa je ka bakin kogi ka ga kamina, wurin da ake gasa shi, ka ga itacen da take ci da gaɓar da ake yankewa. Shi ya sa na ce a tsaya da shi a tushe.

Idan kana son bango mai kusurwa tsaf, akwai hanya ta tsakiya: bulon ƙasa da ake matsewa da injin hannu, ba a gasa shi. Hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa shi a Darfur don a rage sare itatuwa. Awo ɗaya na siminti ake sa wa awo goma sha biyar zuwa ashirin na ƙasa mai yashi, a lulluɓe shi a inuwa ana yayyafa ruwa, ba a ɗora shi sai ya yi mako huɗu. Masu gaggawa ke ɓata masa suna. Ƙasa mai laka kuwa jir ta fi so a kan siminti.

Rufi: ban hana ka kwano ba, don azarar giginya ta yi wuya, kuma giginya ba bishiyar da ake sarewa yau a samu madadinta gobe ba ce. Amma a fito da bakinsa rabin mita waje da bango, a yi silin na tabarmar kaba ko gora a ƙarƙashi, a bar iska tana ratsa tsakaninsu. Katako kada ya taɓa ƙasa, saboda gara.

Maganar mutane ita ce ban san maganinta ba a aikin gini. Abin da na sani, ɗakin jalus mai tsayayyen tushe da farin jir da ƙofar ƙarfe, baƙo daga nesa ba ya bambanta shi da na bulo. Ku fara a watan Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke, a riƙa barin kowane sahu ya bushe kafin a ɗora na gaba, kada a biya magini da yawan sahun da ya ɗora a rana. Ragowar riyal ɗin ka sayo wa Inna faifan sola da fanka. Ka gaishe ta, ka kuma aiko mini da hoton kwalbar nan in gani kafin a fara haƙa.