An damƙa min shago, amma abokina ba ya jin maganata

Tambaya daga wani matashi a Kantin Kwari, Kano: "Na daɗe ina yaron shago, muna sayar da atamfa da shadda. Maigidana ya buɗe sabon shago ya ba ni riƙo, ya haɗa ni da yara uku, ɗaya ma tare muka fara. Har yanzu ni nake tarbar kowane kwastoma, lissafi yana taruwa, abokin nan nawa kuma ba ya jin maganata. Ina mafita?"

Ƙanena, Allah Ya sa alheri. Iya ciniki ne ya sa Alhaji ya zaɓe ka, amma ba cinikin zai tambaye ka ba idan wata ya ƙare. Zai tambayi turmi nawa suka shigo, nawa suka fita, wa ake bi bashi. Muddin kana tsaye bakin kanta kana ja-in-ja da mai sayen turmi ɗaya, babu mai riƙe wannan lissafin.

Na san abin da ke hana ka sakin ciniki: kana ganin yaro zai karyar da kaya, ko ya bar kwastoma ya wuce shagon gaba. Zai yi hakan kuwa, a farkon fari. Maganinsa ka faɗa wa kowannensu farashin ƙarshe na kowane kaya, wanda ba a sauka ƙasa da shi sai da izininka. Daga nan ka koma gefe. Ko ka ji yana kwan-gaba kwan-baya, kada ka karɓe cinikin a gaban mai saye. Jira ya tafi, sannan ka nuna masa inda ya yi sako-sako. Manyan kwastomomi masu sari, irin masu zuwa daga Maraɗi ko Damagaram su ɗauki dila, waɗannan ka riƙe su da kanka tukuna.

Abubuwa uku kada su bar hannunka: mabuɗin sito, littafin bashi, da tabbatar da kuɗi. Kaya ba sa fita don an nuna hoton tiransifa a waya, sai kuɗin sun shiga asusu. Kullum kafin a rufe, a haɗa kuɗin hannu da na POS da abin da aka rubuta. Kada ka bari sai ƙarshen mako, musamman daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin Sallah, lokacin da shago ke cika maƙil.

Batun abokinka kuwa, ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ba lallai mugunta ce ba, wataƙila shi ma ya sa ran wannan kujerar. Ka roƙi Alhaji ya zo shagon ya faɗa da bakinsa, gaban kowa, cewa kai ne mai riƙo. Ka kuma tambaye shi iyakarka: bashin nawa za ka iya bayarwa, kuma kana da ikon sallamar yaro ko sai ka kai masa? Yawancin iyayen gida ba sa faɗin wannan sai an yi ɓarna.

Bayan haka ka keɓe da abokin naka, ba cikin shago ba. Ka ba shi wani ɓangare ya zama nasa, misali karɓar kaya daga hannun 'yan dako da ƙirga su. Idan ya makara, ka yi masa maganar da za ka yi wa sauran biyun, don suna kallo. In wata ɗaya ya wuce bai sauya ba, ka nemi Alhaji ya mayar da shi tsohon shago.