Aibi a Filin da Aka Saya: Wa'adin Rumawa da Hukuncin Malikiyya

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne. An koya mana cewa Rumawan dā sun ba mai saye wata 6 ya mayar da abin da ya samu da aibi. Yayana ya sayi fili da rani, da damina ta kankama sai ruwa ya kwanta a cikinsa har gwiwa, kuma yau wata 8 ke nan da cinikin. Shin haƙƙinsa ya faɗi?

Amsa: Bismillah. Abin da aka koya maka daidai ne, sai dai asalinsa ba na filaye ba ne. Jami'an da ke kula da kasuwannin birnin Rum ne suka kafa shi a kan bayi da dabbobin ɗaukar kaya, suka ba mai saye wata 6 na warware ciniki, ko shekara 1 ta neman ragin kuɗi. Daga baya aka faɗaɗa shi, har ya shiga kundin dokokin Sarkin Rumawa Justiniyan na shekarar 533 yana haɗe da gonaki da gidaje. Sanin wannan ilimi ne mai amfani, amma wa'adinsu ba ya ɗaure Musulmi.

A wurinmu tushen shi ne faɗin Manzon Allah (SAW) da Muslim ya ruwaito: "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu." Malikiyya kuwa sun ware fili da gida daga sauran kaya, suka kasa aibin fili da gida uku. Ƙaramin da bai taɓa daraja ba, babu komai a kansa. Matsakaici ba ya warware ciniki, ana mayar wa mai saye gwargwadon abin da aibin ya rage ne, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron rushewarsa, wanda malamin Malikiyya Halilu ya kawo a littafinsa Muhtasar. Babba, wanda wasu malamai suka ƙiyasta da sulusin kuɗi, shi ne ke ba da zaɓin mayarwa.

Filin da aka saya don gini, ruwa kuma yana kwanciya a cikinsa duk damina, a ganina babban aibi ne, muddin mai sayarwa bai bayyana ba kuma ba abin da ido zai gani da rani ba ne. Ba a ƙirga watanni daga ranar ciniki; ana duba abin da yayanka ya yi bayan ya sani. In ya yi magana nan take, haƙƙinsa na nan. In kuwa ya ga ruwan ya yi shiru ba uzuri, ko ya ci gaba da haƙa harsashi, to ya yarda. Ya kai maganar gaban alƙali tare da magina biyu amintattu da za su ƙiyasta aibin. Allah ne Mafi sani.