Ki ce su duba ƙaramin hanji

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce bayan gidan Mamanki baƙi ne, jininta kullum sauka yake, an zura mata kyamara ta baki da ta dubura ba a ga komai ba. Ciwon Babanmu ke nan sak.

Kusan shekara biyu muna wannan zarya. A ƙara masa jini leda biyu mu koma gida, kafin wata biyu ya sake ɗashewa, tafin hannunsa fari fat, daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya yana haki. Wani likita, ba zan faɗi asibitin ba, ko fayil bai buɗe ba ya ce gyambon ciki ne. Na ce ai an leƙa cikin, babu gyambo. Sai ya ce in na fi shi sani in zo in hau kujerarsa. A gaban Baba ya faɗi haka, Baba ya ja mayafina ya ce in yi shiru. A wannan daren ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, PCV ɗinsa, wato awon yawan jininsa, ya koma 14, ni da ƙanena muna ta kiran dangi ƙarfe biyun dare muna neman mai irin jininsa. Har yau in na tuna fuskar likitan nan zuciyata tafasa take. Ga wasu dangin suna cewa mayu ne ke shanye masa jini, asarar kuɗi kawai muke.

Wata likitar ciki da hanta, Allah ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ni. Ta ce ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, kyamarar baki farkonsa kawai take gani, ta ƙasa kuma ƙarshensa. A tsakiyar nan ƙananan jijiyoyi kan buɗe su riƙa tsiyayar jini kaɗan-kaɗan, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko matsalar zuciya. Anjiyodisfilasiya suke ce masa.

Sai da muka bar garinmu kafin mu samu inda ake gwajin kafso. Kyamara ce kamar ƙatuwar ƙwayar magani, ya haɗiye ta da ruwa, aka ɗaura masa na'ura a ƙugu, ta yi wajen awa 8 tana ɗaukar hoto. Jajayen ɗigo uku aka gani. Kuka na yi ranar. Amma kafso gani kawai take, ba ta magani. Sai aka sa masa barci aka shiga da dogon bututu mai balan-balan biyu, wanda likitan Japan Hironori Yamamoto ya fito da shi a 2001, aka ƙone wuraren da iskar argon.

Don Allah ki duba jakar magungunan Mama. Baba diclofenac yake saya a kemis saboda gwiwa ba mu sani ba, shi da ibuprofen duk suna jawo zubar jini. In aspirin ne likitan zuciya ya rubuta, kar ki tsayar da shi da kanki, ki tambayi likitan. Kuma ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma na jini danƙo gare shi kamar kwalta, ga wari na daban. In an taɓa yi mata tiyata a ciki ki faɗa tun kafin ta haɗiyi kafson, don kafson na iya maƙalewa a hanji, kuma ba a shiga na'urar ɗaukar hoto ta MRI sai kafson ta fita.

Yana iya dawowa fa. Na Baba ya dawo bayan shekara, aka sake ƙonawa, yanzu duk wata muke auna jini. Ki tara duk takardun gwajinta wuri ɗaya, mu sau biyu muka biya kuɗin gwaji guda saboda takarda ta ɓata. Allah ya ba Mama lafiya, ki gaishe min da ita.