Dalilin da ya sa nake hana ka buga ƙusa a kantar shago

Jiya da muna haɗa kanta a shagon nan na Dopemu, nan Ikko, ka yi mini tambaya, ban amsa ba saboda mai shagon yana tsaye a kanmu. Cewa ka yi, "Oga, aikin da ƙusa za ta gama kafin la'asar, me ya sa muke kwana biyu muna huda katako muna ɗaura sukuru, alhali mai shagon bai nema ba, kuma ba ƙara mana kuɗi zai yi ba?" Ka yi tambaya, ɗana. Ni ma farkon zuwana garin nan da guduma nake taƙama.

Wata kanta ce ta raba ni da ita. Wani bawan Allah mai kayan masarufi ya kama shago a wajen Mangoro, ya ce in yi masa irin wadda ba a taɓa gani a layin ba. A cikin shagon na yanka katakon, a ciki na haɗa. Tsawonta ƙafa 12, ta karya kwana ta bi ɗaya bangon, na cika mahaɗarta da gam na bi da ƙusa 'yar inci uku. Duk wanda ya shigo sai ya shafa ta. Ba a cika shekara biyu ba mai gidan ya sayar, wanda ya saya ya ce rushewa zai yi ya ta da bene. Aka aiko kirana. Ƙofar ƙafa huɗu ce. Mu biyar muka juya kantar nan a tsaye, muka juya ta a kwance, ta ƙi fita. Ƙarshenta ni da na haɗa ta na sa zarto na raba ta uku, mutumin yana zaune a kan buhun shinkafa yana kallona, bai ce uffan ba. Wurin zare ƙusoshi rabin katakon ya tsage. Kuɗin da ya tara na hayar sabon wuri, daga ciki ya ciri na sabon katako.

Tun ranar na gane cewa a Ikko shago baƙo ne. A gida kana iya ganin rumfar da kaka ya zauna, jika na ciki. Nan kuwa kusan kowa ɗan haya ne, kuma shekara-shekara ake biya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda a hannun sabon ɗan haya, ta kuma ce mai biyan shekara a ba shi notis na wata shida, in dai ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba. Amma kai ma ka san yadda ake yi: shekara ta zagayo, mai gida ya ƙara kuɗi, in ka tashi kuma ga kuɗin ejan, ga na lauya suna jiran ka a gaba. Mai shago yakan tsaya ya auna ciniki da haya, in bai fita ba ya nemi kafinta.

Wannan ma mai sauƙi ne, don ana ba ka lokaci. Akwai tashin da hanya ke kawowa. Kana ƙarami lokacin da aka fara gadar sama ta Pen Cinema da ke Agege a 2017, ba a buɗe ta ba sai watan Maris na 2021. Shagunan da ke kan hanyar aikin an rushe su, waɗanda suka tsira kuma suka shekara uku cikin ƙura da shinge, mai saye ba ya iya tsallakowa. Da aka gama, motar da a da take tsayawa a cunkoso direba ya leƙo ya sayi burodi, yanzu ta sama take wucewa. Masu kasa kaya a gefen layin dogo su ma an kwashe su saboda jirgin Ibadan da aka ƙaddamar a 2021. A Oshodi, kasuwar Owonifari an rushe ta a Janairun 2016, aka ce 'yan kasuwar su koma Isopakodowo a Bolade. Tejuosho ta Yaba gobara ta cinye ta a 2007, da aka sake gina ta aka buɗe a 2014 kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawa daga tsoffin masu rumfa. Mile 12 an daɗe ana maganar mayar da ita Imota, Computer Village ta Ikeja ana maganar Katangowa. Kai, ko masu yankan katako na Oko Baba da ke Ebute Metta an gina musu wani wurin a Agbowa. In mai sayar mana da katako bai tsira ba, wa kake ganin zai dawwama?

Wani lokacin kuma ginin na nan, hanya na nan, masu sayen ne suka tashi. Da gwamnati ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin 2022, aka ƙara da su Mushin da Oshodi bayan wata uku, masu shayi da masu tuwo na wajen Idi-Araba sun ji a jikinsu, domin 'yan acaba ne ke cika musu benci da asuba da bayan isha'i. Wata Hajiya mai tuwo da na yi wa aiki a can, cikin wata huɗu ta kira ni in kwance mata kaya. Ta bi yaranta, kamar yadda take kiran su, zuwa wajen Ikorodu. Teburanta shida da kantar kuloli muka kwance da hantsi, kafin magariba tana zuba miyar kuka a sabon wuri. Har yau in na bi ta can ba ta karɓar kuɗina.

To ga yadda ake aikin, ka riƙe. In ka shiga shago, kafin ka auna bango auna ƙofa. In a sama yake, auna matakala da inda take karya kwana. Filawud ƙafa huɗu ne da takwas, saboda haka kanta akwati-akwati za ka yi ta, kada ko ɗaya ya wuce ƙafa huɗu a faɗi: mutum biyu za su ɗauka, ƙaramar mota za ta ci, katako kuma ba ya asara wurin yanka. Cikin kowane akwati kana iya sa gam, babu laifi. Amma tsakanin akwati da akwati noti ne kawai, gam ba ya zuwa wurin. Ka fara huda rami ɗan siriri kafin ka ɗaura sukuru, in ba haka ba bakin katakon zai tsage, kuma ka goga wa sukurun sabulu busasshe ko kyandir, ranar kwancewa za ka gode wa kanka. Sannan ka rubuta lamba a ƙarƙashin kowane guntu, da hagu ko dama. Na ga kana raina wannan, kana cewa ai za ka tuna. Bayan shekara uku, cikin duhu, mai mota na danna oda a waje, ba za ka tuna ba. Wataƙila ma ba kai za a kira ba.

Ƙafafu kuma inci shida daga ƙasa, ko mai shago ya ce bai yi masa kyau ba. Bai ga Yuni da Yuli a layin ba tukuna. Shi ya sa nake faɗa da MDF, katakon nan na garin itace da aka matse da gam, a shagon ƙasa. Yana da santsi, yana da araha, yana ɗaukar ido, amma ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma ramin sukurunsa ba ya riƙo karo na biyu. In aikin wajen Lekki ko Ajah ne, nemi sukurun da ba ya tsatsa, iskar gishiri tana cin ƙarfe har kan ya gutsure a hannunka. Bango kuwa na mai gida ne. Sukuru biyu a sama don kada kanta ta rufto wa yaro, sun isa. Duk abin da aka kafe da siminti, tayil ne ko silin ko ƙofar ƙarfe, ranar tashi sai an yi rigima a kansa, kuma galibi mai gida ke ci. Ina gaya wa kowane mai shago wannan tun kafin ya kashe kuɗinsa, wasu su ji, wasu su ce ina yi musu mugun baki.

Gidan abinci ya fi kowa saurin motsi. Gas, man janareto, shinkafa, albashin yara, kuma abin da bai ƙare yau ba gobe asara ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na kwance gidajen abinci fiye da yadda na haɗa. Ba ƙanana kaɗai ba: Mr Bigg's da ya fara a Marina a 1986, da muke ganin ya fi ƙarfin rufewa, je ka duba abin da ake yi yau a da yawa daga wuraren da yake. Don haka in mai abinci ya ce ka gina masa kujeru manne da bango irin na hoton da ya gani a waya, ka lallashe shi ya karɓi benci da teburi masu ƙafar noti.

Batun kuɗi da ka kawo, gaskiya ne, ranar farko ƙusa ta fi riba. Amma kantar da na ɗaura da sukuru sau uku nake cin kuɗinta: na haɗawa, na kwancewa, na sake haɗawa da 'yan gyare-gyare, tunda babu shago biyu masu awo ɗaya. In kuma mai ita ya karye gaba ɗaya, Allah ya kiyaye, ina iya sayenta da daraja ya samu na mota zuwa gida, in wanke in yi fenti in sayar wa sabon shiga. Ta ƙusa sai masu suya su saya a kuɗin itace. Da sannu idonka zai buɗe, ka riƙa gane shagon da ya kusa: kwalaye jere a kantar sama amma babu komai a ciki, firji a kashe da rana tsaka, mai shi yana tambayar ka kamar da wasa nawa irin wannan kantar take yi yanzu. In ka ji haka kada ka yi masa dariya, kada kuma ka kai zancen majalisa.

Ba na ce ka jefar da guduma ba. Teburin mai shayi na bakin titi, ko na mai goro, wanda in motar KAI, jami'an tsaftar gari masu kama masu kasa kaya a titi, ta ɓullo mutum ɗaya zai ɗora a ka ya shige lungu, wannan katako marar nauyi da ƙusa ya ishe shi, sukuru a nan ɓata kuɗin talaka ne. Haka wanda ya gina shago a gidansa na kansa, kamar Alhajin nan na Zango, buga masa yadda yake so.

Gobe in Allah ya kai mu akwai mai kemis da zai tashi daga Ogba ya koma Iju, ni na yi masa kantocin shekara huɗu da suka wuce. Ka riga ni zuwa, ka ɗauki sifana mai lamba 13 da injin huda, ka tabbatar batirin ya cika tun daren yau. Kada ka kwance komai sai ka leƙa ƙarƙashi ka ga lambobin, ka fara daga na ƙarshe. Notin kuma a gwangwanin madara za ka zuba su, ban da aljihu.